Masu zanen Zariya: Daga Samaru zuwa manyan gidajen tarihi na duniya

A ranar 8 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke birnin Landan ya buɗe wani baje koli da ya tattara ayyuka sama da 250 na masu zane da sassaƙa fiye da 50, waɗanda suka yi tashe a Nijeriya tun daga shekarun 1940 har zuwa ƙarshen ƙarni na 20.

Baje kolin, wanda aka sa wa suna Nigerian Modernism, aka kuma tsara rufe shi a watan Mayun 2026, shi ne irinsa na farko a Birtaniya da ya bi diddigin tarihin zanen zamani na Nijeriya. Osei Bonsu da Bilal Akkouche ne suka tsara shi.

Daga cikin sunayen da suka fi fitowa fili a wurin akwai na wasu mutane da suka fara sanin juna suna ɗalibai a Zariya a ƙarshen shekarun 1950. Ƙungiyar da suka kafa a lokacin ba ta cika shekara uku a raye ba, amma da wuya a shirya wani babban baje kolin zanen zamani na Afirka ba tare da an ambace ta ba.

Sai dai kuma mafi yawan ayyukan da suka fito daga wannan makaranta suna Legas ne ko ƙasashen waje, kuma ƙalilan ne daga cikin mutanen yankin da aka haifi ƙungiyar suka taɓa ganin su ido da ido.

Makarantar Samaru

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, akwai wata babbar makaranta a Samaru da ake kira Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda ke da rassa a Ibadan da Enugu da Zariya.

A shekarar 1955 aka ɗauke sashen koyar da zane na kwalejin daga Ibadan aka mai da shi Zariya. A wancan zamani nan ne wuri mafi girma a ƙasar da ɗalibi zai yi shekaru yana koyon zanen fenti da sassaƙa da buga zane har ya sami takardar difloma. Saboda haka matasa suka riƙa tahowa daga kowane sashe na Nijeriya, akasari a jirgin ƙasa.

Mafi yawan malaman sashen Turawan Birtaniya ne, kuma tsarin karatun an kwaikwayo shi ne daga makarantun zane na Landan. Ana koya wa ɗalibi yadda ƙirar jikin ɗan Adam take, da yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, da yadda haske da inuwa ke faɗawa a kan abu. Babu wani darasi da aka keɓe domin fasahar Afirka.

Daga cikin 'yan Nijeriya ƙalilan da suka koyar a sashen akwai Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda ta yi karatu a Landan, ta kuma nuna ayyukanta ita kaɗai a can a shekarar 1958. An daɗe ba a ba ta matsayin da ya dace da ita a tarihin makarantar ba, amma baje kolin Tate ya sanya ta cikin jerin magabata.

Kafa ƙungiyar

A watan Oktoban 1958, saura shekara biyu Nijeriya ta sami 'yancin kai, wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Fitattu daga cikinsu su ne Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita.

Ɗaliban ba su ƙaurace wa aji ba, ba su kuma yi bore a harabar makaranta ba. Suna yin aikin da malamai suka ba su da rana, sannan su taru su tattauna a tsakaninsu, kowa kuma ya koma ɗakinsa ya yi zanen da ransa ke so. Idan an yi hutu, kowa kan tafi garinsu ya tattaro tatsuniyoyi da alamomin ado da labaran sassaƙa na mutanensa, ya dawo ya baje wa sauran.

Tambayar da ke gabansu ita ce: wane irin zane ne ya dace da ƙasar da ke shirin karɓar mulkin kanta?

Uche Okeke, wanda ya taso a Kafanchan, ya kuma shugabanci ƙungiyar daga bisani, shi ne ya rubuta amsar a shekarar 1960, a wata maƙala da aka sani da suna Natural Synthesis. Abin da take nufi a taƙaice shi ne haɗa abu biyu ba tare da tilas ba. Mai zane ya karɓi kayan aiki da dabarun da ya koya daga Turawa, kamar fentin mai da allon zane na yadi, amma ya nemo siffofi da ma'anoni daga al'adar da ta haife shi.

Wannan ra'ayi ya sha bamban da hanyoyi biyu da aka sani kafin su. Akwai hanyar Aina Onabolu na Legas, wanda ya tsaya a kan nuna cewa baƙar fata zai iya zana hoton mutum daidai da na kowane Bature. Akwai kuma hanyar wasu malamai Turawa da ke ganin bai kamata ɗan Afirka ya wuce kwaikwayon sana'o'in kakanninsa ba.

Daga baya ne aka laƙaba wa ɗaliban sunan 'Yan Tawayen Zariya. Sunan ya bi su har tsufa, ko da yake wasu daga cikinsu sun sha nuna cewa bai dace da abin da suka yi ba.

Baje kolin 'yancin kai

Karon farko da jama'a da yawa suka ga ayyukansu a wuri guda shi ne babban baje kolin da aka yi a Legas a watan Oktoban 1960 domin bikin samun 'yancin kai.

An nuna zanen ɗaliban Zariya kafaɗa da kafaɗa da na manya irin su Ben Enwonwu, wanda a lokacin ya riga ya yi suna a duniya, har ya ƙera mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu da tagulla a shekarar 1957. Kazalika an bai wa Okeke da Nwoko da Onobrakpeya aikin ƙawata rumfar sana'o'in hannu da ke filin baje kolin, alhali ba su kammala karatu ba.

A wannan shekara ce Demas Nwoko ya yi zanen da ya kira Nigeria in 1959. Zanen ya nuna wasu jami'an mulkin mallaka zaune a kan kujeru, fuskokinsu a gajiye, yayin da dakarunsu baƙaƙe ke tsaye a bayansu cikin duhu. Masana tarihin zane na ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin hotunan da suka fi bayyana yanayin ƙarshen mulkin Turawa a ƙasar.

A shekarar 1961, lokacin da akasarin 'yan ƙungiyar suka kammala karatu, sai suka rushe ta da kansu. A wannan shekarar ce aka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, inda marubuta irin su Wole Soyinka da masu zane suka riƙa haɗuwa, kuma nan ya zama sabon dandalin nuna ayyukan wasu daga cikinsu.

Mbari ya kuma gayyato Ibrahim El-Salahi daga Sudan, wanda ke gina zanensa a kan haruffan Larabci da adon allo. Da wannan ne masu zanen Zariya suka ga cewa akwai takwarorinsu a Khartoum da ke neman amsar tambaya iri ɗaya da tasu.

Arewa a cikin zanensu

Babu Bahaushe ko ɗaya a cikin fitattun waɗanda suka kafa ƙungiyar. Dalilai biyu ake yawan kawowa. Na farko, makarantun sakandare ba su da yawa a Jihar Arewa a shekarun 1950, don haka masu takardar shiga kwalejin daga yankin ba su taka kara sun karya ba. Na biyu, malaman addinin Musulunci da dama suna hana zana ko sassaƙa surar abu mai rai, abin da ya sa iyaye ba sa ɗokin tura 'ya'yansu wannan fanni.

Wannan bai hana ƙasar Hausa mallakar fasahar gani ta kanta ba. Akwai zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da aikin aska takwas a babbar riga, da adon dukawa a kan fata, da sassaƙar ƙwarya, da rinin Ƙofar Mata. Akwai kuma bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Matafiyin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Kano da Daura, ya ƙetare iyaka a Kongolam ya nufi Damagaram, zai riƙa cin karo da zanen bango iri ɗaya a zaurukan fada da tsofaffin gidajen attajirai: dagi da sauran alamomin da magina ke fitarwa da hannu tun laka tana ɗanya. A cikin wannan yanayi ɗaliban suka yi shekara huɗu, kuma ya bar alama a ayyukansu.

Wanda ya fi nuna haka shi ne Jimo Akolo, ɗan garin Egbe da ke cikin Jihar Arewa ta wancan lokaci. Akolo abokin karatunsu ne, ana kuma lissafa shi tare da su, ko da yake bai yarda a gindaya wa mai zane sharaɗin bin al'adar ƙabilarsa ba. Ya zana makaɗa da mahaya dawaki na Arewa, ya kuma yi zanen bango a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Zanensa na mahaya Fulani, wanda ya yi a 1962, yana ajiye a gidan tarihin birnin Bristol na Ingila, kuma yana cikin waɗanda aka nuna a Tate. Akolo ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rasu a 2023.

Shi kuwa Demas Nwoko, kawunan yumɓu na al'adar Nok ne suka ja hankalinsa. An fara tono su ne a wuraren haƙar kuza a kudancin Kaduna, aka adana su a gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952. A tsakiyar shekarun 1960 Nwoko ya gina matoya irin ta gargajiya, ya riƙa gasa mutum-mutumin yumɓu masu kama da na Nok.

Bruce Onobrakpeya ma ya waiwayi Arewa a shekarun 1980, inda ya yi jerin ayyukan da ya kira Sahelian Masquerades, a kan rayuwar mutanen Sahel da barazanar kwararowar hamada.

Akwai kuma wadda ba ta taɓa zama ɗaliba a Samaru ba, amma baje kolin Tate ya ba ta babban gurbi, wato Ladi Kwali. Bagwariya ce mai ginin tukwane, wadda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tulunanta tun kafin Turawa su san ta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, inda ta zama mace ta farko a wurin.

Ladi Kwali ta ci gaba da gina tulu da hannu kamar yadda ta gada, tana zana masa ƙadangare da kifi da kunama, amma ana shafa masa ruwan ƙyalli a gasa shi a wuta mai tsanani irin ta Turai. An nuna tulunanta a Landan tun daga 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Bayan an watse

Kowane ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya kama tasa hanya, kuma da yawansu sun zama tushen wasu makarantun.

Yusuf Grillo ya koma Legas, ya shugabanci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya kuma zama shugaban farko na Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya. An san shi da yawan amfani da launin shuɗi, da kuma tagogin gilashi masu launi da ya yi wa majami'u. Ya rasu a 2021.

Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya shahara a fannin buga zane, inda ya ƙirƙiro dabaru na kansa. Tun daga 1998 ya fara tara masu zane a garin Agbarha-Otor na Jihar Delta domin wani taron ƙara wa juna sani da aka sa wa sunan hunturu.

Nwoko ya karkata ga wasan kwaikwayo da tsara gine-gine. Shi ne ya tsara majami'ar 'yan ɗariƙar Dominican a Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na birnin Venice da ke Italiya.

Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun raba Zariya da ɗalibai da malamai 'yan ƙabilar Ibo da dama. Obiora Udechukwu, wanda ya fara karatun zane a Samaru a 1965, ya koma Nsukka. Simon Okeke ya rasu a 1969, ana tsakiyar yaƙin.

Bayan yaƙin, Uche Okeke ya karɓi ragamar sashen zane na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. A can ya ɗora koyarwarsa a kan uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda ya koya daga mahaifiyarsa. Abin da ake kira makarantar Nsukka a yau reshe ne na abin da aka shuka a Zariya. Okeke ya rasu a 2016.

Zariya ta biyu

Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello bai tsaya ba. A shekarun 1980 da 1990 wani malami mai suna Gani Odutokun, wanda aka haifa a Ghana, ya zama jagoran wani sabon rukuni. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar The Eye, wadda ta riƙa buga mujallar sharhi a kan zane, kuma ya saba da kwarara fenti mai ruwa a kan allon zane ya bar shi ya nemi hanyarsa.

Odutokun bai ji tsoron taɓa siyasa ba a zamanin mulkin soja. Ɗaya daga cikin zanensa ya nuna wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Wani kuma, wanda ya yi a 1991, ya nuna Mona Lisa tana sassaƙa gunkin Afirka, shi kuma gunkin yana zana ta.

A watan Fabrairun 1995 ya rasu a haɗarin mota a hanyarsa ta komawa Zariya daga wani baje koli a Legas.

Watanni kaɗan bayan haka aka buɗe baje kolin Seven Stories about Modern Art in Africa a gidan nuni na Whitechapel da ke Landan, wanda ya haɗa masu zane daga ƙasashe bakwai: Nijeriya da Senegal da Sudan da Habasha da Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda. Chika Okeke ne ya tsara ɓangaren Nijeriya, ya kuma gina shi a kan Zariya da Nsukka. An nuna ayyukan marigayi Odutokun, tare da na Jerry Buhari, ɗan kudancin Kaduna wanda ya zama farfesan zane a jami'ar.

Daga nan baje kolin haɗin gwiwa suka riƙa biyo juna. A 1997 gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington ya nuna ayyukan mutum bakwai na rukunin Nsukka, ciki har da Uche Okeke da Udechukwu da El Anatsui ɗan Ghana. A 1998 Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa ta shirya bikin cikar ƙungiyar Zariya shekara 40. A 2001 kuma Okwui Enwezor ya buɗe The Short Century a Munich, baje kolin da ya danganta zane da fafutikar neman 'yanci a Afirka daga 1945 zuwa 1994, wanda daga baya ya je Berlin da Chicago da New York.

Amfanin nuna ayyuka tare

Baje kolin mutum ɗaya yana nuna gwanintarsa ne kawai. Idan aka jera ayyukan mutane da yawa a ɗaki guda, mai kallo kan ga wanda ya koya daga wani, da wanda ya saɓa wa wani, da kuma abin da ya dami mutanen wani zamani baki ɗaya.

Aikin mai tsara baje koli ke nan. Shi ke zaɓen wanda zai shiga, ya nemo aron ayyuka daga gidajen tarihi da iyalan masu zane da attajiran da suka saya, a yi musu inshora, a ɗauko su cikin akwatuna na musamman. Ana kuma buga littafi mai ɗauke da hotuna da sharhi, wanda shi ke saura bayan an rufe baje kolin, shi ne kuma ɗalibai ke karantawa.

Saboda haka wanda aka bari a baya a irin wannan zaɓe yakan ɓace daga tarihi. Wannan ne ya sa ake yawan muhawara a kan ƙarancin mata da 'yan Arewa a jerin sunayen.

Haka kuma shiga babban gidan tarihi na ɗaga darajar aiki a kasuwa. A watan Fabrairun 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1.2 a wani gwanjo da kamfanin Bonhams ya yi a Landan. Irin wannan farashi ya fi ƙarfin gidajen tarihin gwamnati a Nijeriya, don haka manyan ayyuka ke ƙarewa a hannun masu kuɗi ko a ƙasashen waje.

Ina za a gani a Arewa?

Akwai gidajen tarihi a Arewa. Akwai na Jos, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da na Kaduna da aka buɗe a 1975, da na Katsina da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Amma an kafa su ne domin adana kayan tarihi da na sarauta da sana'o'in gargajiya, ba domin zanen zamani ba. A Yamai ma, gidan tarihin Boubou Hama da aka kafa a 1959 ya fi shahara ne da masu sana'ar hannu da ke aiki a harabarsa.

An kafa Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa a 1993, tana kuma da ofisoshi a wasu jihohi. Duk da haka harkar ta fi ƙarfi a Legas. A can ake bikin ART X tun daga 2016, a can kuma aka buɗe gidan tarihin Yemisi Shyllon a 2019. Mai zanen da ya kammala karatu a Samaru yakan ɗauki kayansa ya nufi Legas ko Abuja idan yana son masu saye su gan shi.

Masu zane 'yan Arewa sun ƙaru idan aka kwatanta da shekarun 1950, kuma da yawansu sun sami mafita a rubutun Larabci da zayyana da adon gine-gine, inda babu saɓani da malamai. Wasu kuma sun ɗauki kayan cikin gida sun mai da su abin nuni.

Fitacciya a nan ita ce Fatimah Tuggar, wadda aka haifa a Kaduna a 1967, ta kuma yi karatu a Birtaniya da Amurka. A wani aiki da ta yi a 2010, ta ɗora faifan kaba irin na rufe ƙwarya a kan na'urar garmaho, muryar Barmani Choge tana tashi. Wasa ne da kalmar faifai, wadda ke nufin abin saƙa da kuma faifan waƙa, kuma Bahaushe ne zai fara gane shi kafin kowa. A 2024 tana cikin mutum takwas da suka wakilci Nijeriya a bikin baje kolin zane na Venice.

Aikin nata ya bi tafarkin da ɗaliban Samaru suka shata a 1958, na haɗa kayan aikin zamani da abin da aka gada. Kamar ayyukansu kuma, an fi ganinsa a Turai da Amurka fiye da Kano ko Zariya ko Daura.

Muhimman shekaru

1955: An mai da sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya.

1958: An kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya.

1960: Uche Okeke ya rubuta Natural Synthesis, an yi baje kolin 'yancin kai a Legas.

1961: An rushe ƙungiyar, an buɗe Mbari a Ibadan.

1962: Kwalejin Samaru ta zama Jami'ar Ahmadu Bello.

1977: An yi bikin FESTAC a Legas da Kaduna, an karrama Ladi Kwali a Zariya.

1995: Rasuwar Gani Odutokun, baje kolin Whitechapel a Landan.

1997: Baje kolin rukunin Nsukka a Washington.

2001: An buɗe The Short Century a Munich.

2023: Demas Nwoko ya karɓi Zakin Zinariya a Venice.

2025: An buɗe Nigerian Modernism a Tate Modern.